Gadon da Na Ɗauko a Kafaɗa

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Igiya hannu biyu take so.

Tun da mutane suka fara komowa Omdurman, ba safiyar da ba na tarar da samari a bakin rumfata. An dawo an iske gidaje wayam, ba gado ba katifa, kowa yana neman inda zai ɗora haƙarƙarinsa. Kun ga jama'a a wurina, kuka ce banza ta faɗi: itace, igiya, a ja a ɗaure. Shekaranjiya wani cikinku ya ce mini ya kalli yadda ake yi a waya, kwana uku sun ishe shi. Ban musa masa ba. Na miƙa masa igiya. Ga shi can yana hura tafin hannu.

Sunana Sale. A unguwar nan Hajj Sale ake ce mini, alhali ban taɓa ganin Makka ba. Da niyyarta na baro ƙauyenmu a ƙasar Gumel, na biyo ta Chadi a bayan manyan motoci, guzuri ya ƙare mini a nan Omdurman, a kasuwar da ake ce wa Kasuwar Libiya. Na ce bari in yi wata uku in sami na ƙarasawa. Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da na fito da shi daga gidan ubana tufka ce kawai.

Ita ce ta ba ni abinci. Kwanana huɗu a kasuwa, ina zaune a gindin wata rumfa da yunwa, na ga ragowar kaba a ƙasa. Na ɗauka, na maƙale a babban yatsan ƙafa, na shiga tufka don hannuna ya sami abin yi. Mai rumfar ya fito, wani dogon tsoho da rawani kamar kwando. Ya karɓi igiyar, ya ja da ƙarfinsa, ya sa haƙori. Ba ta tsinke ba.

"Ya zol, kai ɗan ina ne?" Da Hausa ya yi tambayar, amma Hausar ta sha Larabci ta ƙoshi.

Na ce Gumel. Na ce a kan hanya nake, Makka za ni.

"Kakana ma a kan hanya yake," in ji shi. "Daga Katsina ya taso da ƙafa. Kabarinsa yana nan yamma da kasuwa. Zauna ka ci ful."

Wannan shi ne Usta Babikir. Usta a nan shi ne maigidan sana'a. Sana'arsa saƙar angarib, gadon itace mai ƙafa huɗu da ake saƙe tsakiyarsa da igiya. A bayan rumfarsa na kwana ranar, a nan na ci gaba da kwana har na yi aure.

Watannin farko cikina ya fi hannuna shan wuya. A gida da sassafe ake ɗumame. A nan shayi ne ɗan kofi guda, rabinsa sukari, sai hantsi ya gama duban ludayi sannan a kawo karin kumallo: ful, wato wake a dandaƙe da gindin kwalba, a kwarara masa mai, mutum takwas a kwano ɗaya. Kisra kuwa, fallen wainarsu ta dawa, cewa na yi takarda ce aka jiƙa da tsami. Yanzu in na kwana biyu ban ci ta ba sai in ji kamar ban ci komai ba. Ranar da wani ya fara kai mini duka a kafaɗa na ja da baya na dunƙule hannu, ashe gaisuwa ce. Usta ya aike ni kasuwar Suk al-Shabi sayen igiya, ina cikin mota ina ta "akwai sauka, akwai sauka", ba wanda ya waigo, har aka kai ni ƙarshen tasha. Ashe yatsa ake ƙyastawa, shi ke nan mota ta tsaya. Hausawan nan jikokin mahajjata suka mai da ni abin dariya. Suna cewa Hausata sabuwa ce, ba ta sha rana ba. Na bar su. Wanda ya zo garin mutane, kunnensa ya kamata ya fi bakinsa aiki.

Abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne gado. A ƙasarmu gado na cikin ɗaki ne, baƙo ba ya ganinsa. A nan kuwa da la'asar ta yi sanyi sai a yayyafa wa tsakar gida ruwa a jawo gadaje waje. A kai ake zama, a kai ake shan shayi, a kai ake yanka kuɓewa, a kai ake sasanta rigima. A kai mace take haihuwa. A kai ake zaunar da ango da amarya a ɗaura musu jan zare a hannu. Duk wannan Usta ya gaya mini. Abu ɗaya ne bai faɗa ba, don bai zaci akwai ɗan Adam da bai san shi ba.

Gadon farko da ya bar mini ni kaɗai na wani mai gasa nama ne. Na wuni a kansa. Na ɗame shi har yana ƙara kamar kalangu, na koma gefe ina jiran yabo. Usta ya zo ya dafa kusurwa ɗaya, ƙafar da ke can ɗaya ɓangaren ta ɗaga sama. Ya zaro wuƙa ya bi tsakiyar saƙar ya farke ta daga kai har ƙafa.

"Mutum zai kwana a kai, ba lilo zai yi ba. Sake."

To ku saurara, ba zan maimaita ba. Kafin ka taɓa igiya, ka auna itacen daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ka auna ɗaya gicciyen. In ba su zo daidai ba, sa guduma ka daidaita, in ba haka ba duk ƙarfin da ka sa karkata kake ƙara masa. Daga kusurwa ake fara saƙa, a gicciye, igiya uku-uku ko huɗu-huɗu, a ɗaga wasu a danne wasu. In ka ɓata lissafi a jere na biyu ba za ka gani ba sai a jere na ƙarshe, lokacin rana ta faɗi, hannu ya fashe. A wajen ƙafa a bar kamar taƙi biyu ba saƙa. Nan ake zarga igiyar ɗamewa, wadda ake ce wa kurrab, ita mai gado zai riƙa ja duk lokacin da tsakiya ta lotsa. Igiyar kaba a jiƙe ake saƙa ta, in ta bushe ta ɗame kanta. Fata ma haka, amma fata ba ta da tausayi, in ka ja ta da yawa tana ɗanya, kwana uku za ta murɗe itacen bagaruwa kamar kara. Ta roba da kuke so don launi, rana ce maganinta, tana saki, ga yankan hannu. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa, guduma, gizago, ƙugiyar ƙarfe ta jawo igiya, da ɗan turken itace na ɗaga saƙa. Nawa duk na Usta ne. Ƙotar ƙugiyar nan har yanzu da shaidar yatsansa.

Sannan ka tambayi wanda zai kwanta. Ƙaton mutum daban, tsohuwa mai ciwon baya daban, ita ba ta son ɗamamme, tana son wanda zai karɓe ta. Mai jego a rage masa tsawon ƙafa. Wanda bai tambaya ba, igiya kawai ya ɗaura, bai yi gado ba.

Ina wata na tara aka kawo gadon gidan Hajja Nafisa. Ita ce uwar matan unguwarmu. Asalin kakanninta daga ƙasarmu ne, amma sun daɗe ƙwarai, Hausar da ta rage mata ta zagi ce kawai, wadda ta gada wurin kakarta. Ba a biki, ba a suna, ba a zaman makoki sai da ita. Mijinta Ammu Usman, wato Kawu Usman, tsohon direban babbar mota, yana asibiti an yi masa aiki a ciki. Ta aiko a sake saƙa gadonsa, a kuma kai katifarsa wurin mai shiɓar auduga, don in an sallamo shi ya kwanta a wuri mai laushi.

Na yi aikin da kyau, wannan ko ita ba ta taɓa musawa ba. Ranar kaiwa Usta ya tafi Bahri, garin da ke hayin kogi, sayen itace. Ban jira mai amalanke ba, na ce bari in nuna ƙwazo. Na kira wani ɗan dako, Isufu mutumin Damagaram, wanda shi ma bai fi wata biyu da zuwa ba. Muka naɗe katifar a tsawonta muka kwantar a tsakiyar gadon. Don kada ƙura ta ɓata ta, na sayi sabuwar farar tabarma da kuɗina na lulluɓe, na ce wannan gyara ne ga mara lafiya. Isufu ya kama gaba, na kama baya, muka ɗora a kafaɗa, muka shiga unguwa da rana tsaka.

Mai shagon farko ya miƙe tsaye. Masu shan shayi a gindin bishiya suka ajiye kofuna suka miƙe. Wani ya zo ya sa kafaɗarsa kusa da tawa. Na ce a raina, kai, mutanen ƙasar nan akwai taimako. Kafin mu kai kwana ta biyu mutane sun cika bayanmu, ana ta la'ilaha illallahu. Isufu ya waigo ya ce, "Sale, anya?" Na ce, "Tafi kawai, haka suke, suna son zikiri."

A ƙasarmu makara daban take. Tana jingine a masallaci, ko a haɗa ta kara a take. Wa zai ɗauki gawa a gadon da ake kwana? A nan kuwa angarib ɗin da mutum ya kwana a kai, shi ne ke kai shi kabari, a kafaɗar maza, da farar tabarma. Shi ne abin da Usta bai gaya mini ba.

Hajja Nafisa ta dawo daga asibiti ke nan tana dafa wa mijinta romo. Ta ji zikiri, ta leƙo, ta ga gadon mijinta a kafaɗun mutane da abu a kwance a lulluɓe. Ƙara ɗaya ta yi ta faɗi a kan dokin ƙofa. Mata suka ɓarke da kuka gida-gida. Ni kuwa na sauke gado, na yaye tabarma, na ce da ɗan Larabcin da na iya, "Ga katifa, an gyara."

Ba a doke ni ba, limamin unguwa ne ya shiga tsakani. Amma wuyan hannun Hajja na dama ya karye a faɗuwar, ya kuma warke a karkace. Da ta farfaɗo ta dube ni, ta tattaro duk Hausar kakarta ta juye mini.

"Ɗan banza! La'ananne! Mai farar ƙafa!"

Washegari ta aiko wa Usta cewa ya kore ni. Na naɗe tabarmata tun kafin ya yi magana.

"Ina za ka?" in ji shi.

"Gaba."

"Makka? Da wannan wautar? Ajiye. Laifina ne, na koya maka saƙa ban koya maka gari ba." Ya ɗauki wani gado ya tayar da shi a gefensa. "Gado a karkace yake tafiya, ko a kife a kan mutum ɗaya. A karkace yake shiga ƙofa. Jar tabarma ta amarya ce, fara ta mai tafiya. A kwance a kafaɗa, sau ɗaya ake yi wa mutum."

Bai kore ni ba, ita ma ba ta janye ba. Ta yanke hukunci, matan unguwa suka bi: ƙafata ba za ta taka gidanta ba, hannuna ba zai taɓa gadon amarya ko na mai jego ba.

Bayan sati biyu sai ga wani gajeren tsoho da sanda, yana dafe da ciki, ya tsaya a bakin rumfa.

"Ina wanda ya yi mini jana'iza?"

Na fito. Na ce ni ne, Ammu, a yi haƙuri.

"Bar haƙuri. Mutum nawa suka bi ni?"

"Sun kai arba'in."

"Arba'in kacal? Wa da wa ba su zo ba? Faɗa mini sunayensu!" Ya yi dariya har sai da ya zauna, yana riƙe da ɗinkin cikinsa. Da zai tafi ya nuna ni da sanda. "Ba yau ba, Sale."

Shi ke nan ta zama gaisuwarmu. Duk inda ya hango ni, a masallaci ko a layin burodi, sai ya ɗaga sanda: "Ba yau ba, Sale!" Ni kuma in ce, "Allah ya ja kwana, Ammu." A kan gadon nan ya ci gaba da kwana, ya ce bai taɓa samun mai daɗinsa ba. In ya lotsa sai ya sa a fito da shi bakin titi, in zo in ɗame a waje, Hajja tana daga cikin gida tana tsaki.

Kada ku ce abin wasa ne. Gadon amarya shi ne kan sana'ar nan. Ƙafafunsa gogaggu ne masu jan fenti, saƙarsa mai ado, a nan ake sanin usta. In mata suka zo da shi, Hajja Nafisa a gaba, sai in zaga bayan rumfa har su tafi. Na iya saƙar, da ido na koya, ina yin ta a kan ƙananan kujerun masu shayi. Amma ban taɓa yi wa amarya ba. Da Usta ya rasu ya bar mini rumfa, sai suka koma ɗaukar gadajen biki a mota zuwa Bahri, su wuce ta gabana. Ni nawa gadajen masauki ne, da na gwauraye, da na 'yan ci-rani masu kuɗin cizo waɗanda sai an sheƙa musu tafasasshen ruwa kafin a taɓa. Na ci, na sha, na auri 'yar ƙanwar Usta, mun haifi uku. Na iya Larabci har ina ciniki da zagi. Duk gidan da na bi da azumi sai an jawo rigata an zaunar da ni shan ruwa. Gida ɗaya ne ban shiga ba, shekara goma sha takwas.

Sannan shekarar harbi ta zo. Kun san ta, wasunku a hanya kuka yi ta. Kasuwa aka fara kwashewa, aka ƙone saura. Na sa matata da yara a mota tare da 'yan'uwanta suka yi gabas. Ni ban bi su ba. Ba ni da takarda, kuma a kowane shinge harshena zai tona ni. Unguwa ta rage tsofaffi da marasa ƙafa da irina. Abinci sau ɗaya a rana, a tukunyar da ake dafawa a masallaci don kowa. Ni ke kawo ruwa da itace. Da itace ya ƙare aka koma gadaje. Na ga aikina yana shiga ƙarƙashin tukunya, ina gane ƙullina kafin wuta ta ci. Mutane na jin yunwa.

Buhunan da aka juye wake da gari su nake tattarawa. In zauna a inuwa in warware su zare-zare, in maƙale a yatsan ƙafa in yi ta tufka. Ba mai saye, ba gadon da za a saƙa. Liman ya ce, "Hajj Sale, lafiya kuwa?" Na ce hannu ne ba ya son zama. Wata da watanni ina yi, har tarin igiya ya cika kusurwar ɗakina.

Wata safiya, rana ta ɗan fito, aka buga mini ƙofa. Na buɗe. Hajja Nafisa ce, ta rame har mayafinta ya yi mata yawa. Ba ta gaishe ni ba.

"Sale," in ji ta. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Yau ne."

Na ɗauki jakar kayan aiki da igiya na bi ta. A hanya ta gaya mini sauran. Masu bindiga sun shiga gidan tun watannin baya suna neman zinariya, sun farke katifu, sun kwashe gadajen ƙarfe. Na itacen suka yanke igiyarsa, suka karya masa ƙafa ɗaya. Tun ranar Ammu Usman a ƙasa yake kwana. Maganinsa ya ƙare, da asuba ya cika. Maƙwabta sun kawo baro, wani ya ce a ciro ƙyauren ɗaki.

"Ba siminti ba ne da za a tura shi a baro," in ji ta. "A gadonsa zai tafi, kamar ubansa."

Da muka iso na tsaya a bakin ƙofa, inda na saba tsayawa. Ta shige, ta waigo ta ga ban biyo ta ba. Ta nemi kalma a Hausar kakarta, abin da ta samu shi ta ba ni.

"Shigo, ɗan banza."

Na shiga.

Gadon yana jingine a bango. Dogayen itatuwan lafiyarsu ƙalau, bagaruwa ce. Ƙafa ce babu. Na duba tsakar gida, ko guntun itace ba a bari ba. Ta shiga madafa ta fito da taɓaryarta ta miƙo mini da karkataccen hannun nan. Na auna, na yanke, na sassaƙe da gizago, na fafe ramuka biyu, na buga ta shiga. Na auna kusurwa da kusurwa. Na fara saƙa.

Ana jin manyan bindigogi daga wajen kogi. Liman da tsofaffi biyu sun gama wanka da likkafani, suna tsaye a kaina. Ɗayansu ya ce, "Ya Hajj, ja layi goma kawai mu tafi, tafiya ɗaya ce."

Na ce, "Gado gado ne."

Huɗu-huɗu na yi masa, na ƙirga kowane jere. Igiyar buhu tana da santsi, sai ka ninka ƙulli. Hannuna da ya yi kanta shekara da shekaru, ranar sai da ya tsage. Kafin azahar na zarga kurrab na ɗame. Na buga tafin hannu a tsakiya, ya amsa. Na dafa kusurwa, ba ƙafar da ta ɗaga.

Ta fito da farar tabarma da ta ɓoye a bayan randa. Muka kwantar da shi. Maza huɗu ake so, mu huɗu ne cif: liman, tsofaffin biyu, da ni. Na kama baya, wajen ƙafar taɓarya, muka ɗora a kafaɗa. Maƙabarta ba ta shiguwa lokacin, filin ƙwallon bayan makaranta ake kai mutane. Muna tafe sai ƙofofi suka fara buɗewa, gidajen da na ɗauka ba kowa. Wannan ya fito da sanda, wancan ya fito yana dafa bango, kowa ya zo ya sa kafaɗa ko taku goma ne. Igiya ba ta saki ba, ƙafa ba ta motsa ba.

Na dawo da gadon a kife a kaina. Tana zaune a ƙasa a tsakar gida.

"Mutum nawa suka bi shi?"

"Goma sha ɗaya, Hajja."

Ta ce, "Ta farko ta fi jama'a." Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Ko dariya ce ko kuka, ban tsaya tambaya ba. Na jingine gadon na fita.

Yanzu ga shi ana dawowa. Matata ta dawo da yara, an kafa sabuwar rumfa, mai burodi ya hura wuta. Watan jiya Hajja Nafisa ta zo nan da kanta, mata shida a bayanta. Da na hango su na miƙe zan zaga baya, jiki ya saba. Ta ce, "Ina za ka? Zauna." Jikarta ce za a aurar. Ba ta son sabon gado, na Ammu Usman take so, a sake masa saƙa da jar igiya da fara, saƙar amare. Na ce bari in sauya ƙafar nan da gogaggiya. Ta ce in na taɓa taɓaryarta sai ta karya mini nawa hannun.

Kwana biyu na yi a kansa. Gadon amarya na farko a rayuwata, da furfura a gemuna. Na shafa wa ƙafafun jan fenti, har da taɓaryar. Ni na kai shi da kaina. Tana tsaye a bakin ƙofa, jar tabarma a hammatarta, unguwa duk ta fito kallo.

"A karkace, ɗan banza!"

"A karkace yake, Hajja."

"Na gani. Faɗa nake don kada ka manta."

To, ku da kuke son sana'a. Igiya za ta jira, hannunku ma zai yi kanta in kun daure. Kai mai hura tafin hannu, da kai na kusa da shi, ku tashi. Ga gado can an gama, ga ƙofa. Ku ɗauko shi ku shigo in gani.